Yadda Ake Amfani da Manhaja Wajen Lissafa Yaɗuwar Ƙarar Motoci a Sarari

Na'urar auna ƙara tana faɗin abin da ke faruwa ne a wuri guda, a lokacin da aka kafa ta. Ba za ta iya faɗin yawan ƙarar da za ta riski wata makaranta ba idan aka faɗaɗa hanyar da ke gabanta nan da shekara 10, haka kuma ba za ta nuna ko katanga mai tsayin mita 3 za ta wadatar ko sai an kai ta mita 4 ba, domin sabuwar hanyar da katangar duka ba a gina su ba tukuna. Irin waɗannan tambayoyi ne suka sa aka samar da manhajojin da ke lissafa yaɗuwar ƙara a sarari. Ana zana musu siffar wurin, wato hanyoyi da gine-gine da tudu da kwari, a ba su yawan motoci da gudunsu, su kuma su bi sawun sautin daga tushensa zuwa kowane wurin da aka zaɓa, suna cire abin da nisa da iska da ƙasa da shinge suka rage, suna ƙara abin da bangaye suka mayar. Lissafin kansa ba shi ne mai wuya ba, domin kwamfuta ce ke yin sa. Wahalar aikin tana wajen bayanan da ake shigarwa da kuma gwada sakamakon da awo na zahiri, kuma a nan ne wannan jagora zai fi daɗewa.

Kafin a buɗe kowace manhaja, wajibi ne mai aikin ya riƙe ƙa'idoji kaɗan na desibel, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, a kansa, domin da su ne zai gane ko abin da allo ya nuna masa ya yi ma'ana. Ba a tara desibel kamar yadda ake tara sauran lambobi: tushen ƙara biyu masu desibel 60 kowanne suna ba da 63 idan suka haɗu. Saboda haka ninka yawan motoci yana ƙara desibel 3 kacal, kuma kafin a rage desibel 10, wanda shi ne kunne ke ji kamar an raba ƙarar biyu, sai an mayar da motocin kashi ɗaya cikin goma na yadda suke. Idan tushen ƙara abu guda ne a tsaye, kamar janareta ko famfon masana'anta, ƙarar tana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, amma doguwar hanya mai cike da motoci tana rage desibel 3 ne kawai a kowane ninki. Wannan ne dalilin da ya sa ake jin babbar hanya daga nesa sosai.

Zaɓen hanyar lissafi, sannan manhaja

Mutane da yawa suna fara tambaya da cewa wace manhaja ce ta fi kyau, alhali tambayar da ta kamata ta zo da fari ita ce wace hanyar lissafi ce hukumar da za ta karɓi rahoton ta amince da ita. Manhaja guda tana iya ɗauke da hanyoyi masu yawa, kuma kowace tana ba da amsa dabam ga wuri ɗaya. Ma'aunin ISO 9613-2, wanda ya fito a 1996 aka kuma sabunta shi a 2024, shi ne aka fi amfani da shi ga ƙarar masana'antu da injuna. Yana bayanin yadda sauti ke raguwa a hanya, sai dai bai ƙunshi yawan ƙarar da mota ke fitarwa ba, don haka dole a samo wannan daga wani wuri. A Tarayyar Turai, hanyar CNOSSOS-EU ce ta zama tilas wajen zana taswirorin ƙara na hukuma tun daga 31 ga Disamba 2018. Birtaniya ta daɗe tana aiki da CRTN na 1988, Jamus tana da RLS-19 wanda ya maye gurbin RLS-90, Faransa tana da NMPB, ƙasashen arewacin Turai suna da Nord2000, Amurka kuma tana aiki da TNM na hukumar manyan hanyoyi ta tarayya, wanda ya fara fitowa a 1998.

Bambancin waɗannan hanyoyi ya wuce na suna. CRTN yana ɗaukar cewa ƙarar tana fitowa daga layin da ke rabin mita sama da kwalta, kuma abin da yake fitarwa shi ne matakin ƙarar da aka zarce cikin kashi 10 cikin ɗari na lokaci, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 12 na dare. CNOSSOS-EU kuwa yana ajiye tushen ƙarar a santimita 5 sama da kwalta, yana raba sautin gida takwas daga mai kauri na Hz 63 zuwa siriri na Hz 8,000 (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), sannan yana fitar da matsakaicin ƙarfin ƙara na rana da yamma da dare. Wanda ya gwada lambar wannan da ta wancan kai tsaye ya gwada abubuwa biyu da ba jinsi ɗaya ba.

Bayan an tsayar da hanyar lissafi, zaɓen manhaja yana da sauƙi. Daga cikin na sayarwa, SoundPLAN da CadnaA da IMMI, dukkansu daga Jamus, da Predictor-LimA da MithraSIG, su ne suka fi shahara a ofisoshin injiniyoyi, kuma galibinsu suna ɗauke da hanyoyin ƙasashe da yawa. Daga cikin na kyauta akwai NoiseModelling, wadda masu bincike na Jami'ar Gustave Eiffel da cibiyar binciken kimiyya ta ƙasar Faransa suka gina a kan CNOSSOS-EU, da kuma OpeNoise da ake ɗorawa a kan manhajar taswira ta QGIS. A ganina, ɗalibi ko ma'aikacin da ke son koyon aikin ya fara da NoiseModelling, domin tana tilasta wa mutum ya ga kowane mataki a buɗe. Wanda zai miƙa rahoto ga hukuma kuwa ya nemi shaidar cewa an gwada manhajarsa bisa ma'aunin ISO 17534, wanda aka tsara musamman don tabbatar da cewa manhajoji dabam-dabam suna ba da amsa iri ɗaya idan aka ba su matsala iri ɗaya.

Tattara bayanan wurin

Abu na farko shi ne tsarin awon taswira. Duk bayanan da za a shigar su kasance cikin tsari guda da ke auna nisa da mita, kamar UTM. Bayanan da aka sauko da su daga intanet sukan zo ne da digiri, kuma idan aka shigar da su a haka manhajar za ta ɗauki digiri ɗaya a matsayin mita ɗaya, ko ta ƙi aiki gaba ɗaya. Ana gyara wannan cikin QGIS kafin a ci gaba.

Na biyu shi ne tsayin ƙasa. Hanyar da aka ɗora a kan cikon ƙasa tana watsa ƙara nesa, wadda aka haƙa mata rami kuwa gefen ramin yana tare ƙarar kamar katanga, don haka bambancin mita 2 a bakin hanya yana iya canza sakamako fiye da tudun mita 20 da ke can nesa. Bayanan tsayin ƙasa na kyauta, irin su SRTM da Copernicus, suna ba da lamba ɗaya ne ga kowane fili mai faɗin kusan mita 30, kuma suna haɗa saman bishiyoyi da rufin gine-gine cikin awon. Za su iya wadatarwa ga taswirar yanki mai faɗi, amma ba za su nuna ciko ko ramin hanya ba. Inda aikin ya shafi tsara katanga, a nemi awon safiyo ko na hasken leza da ake ɗauka daga jirgin sama, ko kuma a zana layukan gefen hanya da hannu daga zanen injiniyoyin da suka tsara ta. Gadar sama tana buƙatar kulawa ta musamman, domin idan ba a gaya wa manhajar cewa gada ce ba, za ta kwantar da hanyar a ƙasa, ko ta ɗauki ƙarƙashin gadar a matsayin tudun da sauti ba ya ratsawa.

Na uku gine-gine. Ana iya samun siffarsu daga OpenStreetMap, wato taswirar kyauta da ke intanet, ko daga ofishin safiyo, sai dai tsayinsu ne yakan ɓace. Inda babu awo, ana ƙirga hawa a ba kowane hawa kimanin mita 3. Layin gine-gine na farko da ke fuskantar hanya shi ne ya cancanci a je a duba shi da ido, saboda shi ne yake kare duk abin da ke bayansa, kuma ratar da ke tsakanin gida da gida a wannan layi ita ce ƙofar da ƙara ke bi ta shiga ciki. Katangun gidaje ma a zana su, ko da yake taswirori da yawa ba sa nuna su. Ga bango mai santsi, abin da aka saba shi ne a ce yana shanye kashi 20 cikin ɗari na sautin da ya same shi, wato asarar kimanin desibel 1 a kowace mayarwa.

Sai nau'in ƙasa. Ana ba kowane fili lamba tsakanin 0 da 1: kwalta da siminti da ruwa da dandaɓaɓɓiyar ƙasa suna ɗaukar 0 domin suna mayar da sauti, ciyawa da gona suna ɗaukar 1 domin suna shanye shi. A kusa da hanya tasirin wannan kaɗan ne, amma a nisan mita ɗari biyu ko uku yana kai desibel da dama. Idan ana shakka, a karkata zuwa ƙasa mai tauri, domin gara lissafi ya ɗan zarce gaskiya da ya gaza ta a inda lafiyar mutane take.

Bayanan motoci su ne zuciyar aikin, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Ga kowane yanki na hanya ana buƙatar yawan motoci a sa'a, da rabonsu bisa nau'i, da gudun kowane nau'i, kuma a ware na rana da na yamma da na dare. CNOSSOS-EU ya raba ababen hawa zuwa ƙananan motoci da ba su wuce tan 3.5 ba, da matsakaitan motocin kaya da bas, da manyan motoci masu gatari uku ko fiye, da babura, sannan ya bar rukuni na biyar a buɗe don abin da zai zo nan gaba. TNM yana da ƙananan motoci da matsakaitan motocin kaya da manya da bas da babura. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne cewa kuskure a jimillar motoci ba ya cutarwa sosai, domin kuskuren kashi 25 cikin ɗari desibel 1 ne kawai yake haifarwa. Kuskure a yawan manyan motoci da kuma gudu shi ne mai tsada, saboda tirela guda tana iya yin ƙarar ƙananan motoci da dama, kuma da dare, lokacin da hanya ta yi sarari, rabon manyan motoci yakan ƙaru, gudu ma ya ƙaru. Saboda haka a shigar da gudun da motoci ke yi a zahiri, wanda aka auna da na'ura ko da agogo tsakanin alamu biyu, maimakon wanda aka rubuta a allon gefen hanya.

Dalilin da ya sa gudu yake da wannan nauyi shi ne cewa ƙarar mota gida biyu ce, ta inji da ta gugar taya da kwalta. A ƙaramar mota ƙarar taya tana rinjayar ta inji tun daga kusan kilomita 30 a sa'a, a manyan motoci kuwa sai gudu ya yi nisa fiye da haka. Wannan ya sa nau'in kwalta ya zama abin shigarwa shi ma. CNOSSOS-EU ya gina lambobinsa a kan busasshiyar kwalta mai kyau wadda shekarunta ke tsakanin 2 da 7, da gudun kilomita 70 a sa'a, da zafin iska na digiri 20, sannan yana gyara lissafin idan yanayin ya saɓa. Akwai gyara na hawan tudu, akwai kuma na taka birki da tashi a cikin mita 100 daga fitilar ba da hannu ko shataletale, kuma wajibi ne a sanya wa manhajar alamar waɗannan mahaɗu domin ba ta gane su da kanta.

Akwai wata iyaka da nake so mai karatu ya ɗauka da muhimmanci. Lambobin ƙarar motoci da ke cikin kowace hanyar lissafi an samo su ne daga awon motocin ƙasashen da suka tsara ta, a kan hanyoyinsu, da irin tuƙinsu. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin da aka ambata da ya sa busa ham cikin lissafi, haka ma salansa da ta fashe, ko ramuka a kan kwalta, ko lodin da ya wuce kima. A birnin da waɗannan abubuwa suka yawaita, manhajar za ta ba da lambar da ta gaza gaskiya, kuma ba za ta yi wani gargaɗi ba. Maganin wannan shi ne awo a bakin hanya, wanda bayaninsa ke tafe.

Saita lissafin da gudanar da shi

Ana buƙatar wuraren saurare iri biyu. Na farko ɗigo-ɗigo ne da ake ajiyewa a gaban gidaje da makarantu da asibitocin da ake damuwa da su, na biyu kuma raga ce ta ɗigogi da ke rufe yankin duka, wadda daga ita ake zana taswira mai launi. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 kan ƙarar muhalli ta tsayar da tsayin mita 4 daga ƙasa ga taswirorin hukuma, amma wanda ke duba gida mai hawa biyar ya ajiye ɗigo a kowane hawa, domin katangar da ta kare hawan ƙasa sau da yawa ba ta yi wa na sama komai. A kuma lura da batun bangon da ɗigon ke jingine da shi: makirfon da ke mita 2 a gaban bango yana jin ƙarin kimanin desibel 3 saboda sautin da bangon ya mayar. Dokar Turai tana cire wannan ƙari, CRTN kuwa yana ƙara desibel 2.5 dominsa. Rashin sanin wanne aka zaɓa ya isa ya sa ƙwararru biyu su yi ta jayayya a kan lambobin da a gaskiya ba su saɓa ba.

Ratar mita 10 tsakanin ɗigogin raga ita ce aka saba da ita a cikin gari. Rage ta zuwa mita 5 yana ninka yawan ɗigogin sau huɗu, lokacin lissafi ma haka. Sauran abubuwa biyu da ke cin lokaci su ne iyakar nisan da manhajar za ta nemi tushen ƙara, da kuma sau nawa za ta bi sauti yana karo da bango yana dawowa. Mayarwa ɗaya takan isa a taswirar yanki mai faɗi, amma a titin da dogayen gine-gine suka sa shi a tsakiya, ko inda za a gina katanga a gefe biyu na hanya, a ɗaga ta zuwa biyu ko uku. Dabara mai kyau ita ce a fara gudanar da lissafin da raga mai faɗi ba tare da mayarwa ba, a gyara kurakuran da suka bayyana, sannan a saki cikakken lissafin.

Yanayin sama yana shiga ta fuska biyu. Iska tana shanye sauti, kuma siririn sauti ta fi shanyewa: a zafin digiri 10 da laimar kashi 70 cikin ɗari, sautin Hz 1,000 yana asarar desibel 3.7 a kilomita guda, na Hz 8,000 kuwa desibel 117. Shi ya sa abin da ke isowa daga hanya mai nisa gurnani ne mai kauri. A shigar da matsakaicin zafi da laima na wurin, kada a bar lambobin da manhajar ta zo da su. Fuska ta biyu ita ce lanƙwasar sauti: idan iska tana kaɗawa daga hanya zuwa mai saurare, ko da dare lokacin da iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti yana lanƙwasowa ƙasa, ya tsallake shinge, ya yi nisa. ISO 9613-2 yana lissafi ne bisa wannan yanayi mai taimaka wa sauti, CNOSSOS-EU kuwa yana tambayar kashi nawa na lokaci ake samunsa. Inda babu bayanan yanayi na shekaru, an saba sanya kashi 50 da rana, 75 da yamma, 100 da dare.

A NoiseModelling, alal misali, jerin aikin shi ne a shigo da hanyoyi da gine-gine da nau'in ƙasa cikin ma'ajiyar bayanai, a lissafa ƙarfin ƙarar kowace hanya daga yawan motocinta, a shimfiɗa ragar ɗigogi, a gudanar da lissafin yaɗuwa, a fitar da layukan da suka haɗa wurare masu ƙara iri ɗaya, sannan a buɗe su a QGIS don sanya launi. Abin kiyayewa shi ne cewa lokacin da ta shigo da hanyoyi daga OpenStreetMap, yawan motocin da take sanya musu ƙiyasi ne bisa girman hanya, don haka dole a maye gurbinsu da ƙidaya ta gaskiya.

Gwada sakamako da awo

Taswirar ƙara tana da kyan gani, kuma kyanta yakan sa mutane su yarda da ita fiye da yadda ta cancanta. Kafin a nuna wa kowa, a dube ta a yanayin tsaye, wato mai nuna tsawo da faɗi da tsayi, domin a nan ne ake ganin hanyar da ta nutse ƙarƙashin ƙasa, ko ginin da ke shawagi a sama, ko wanda tsayinsa sifili ne. Daga nan a yi gwajin hankali: a fili marar shinge, idan an samu desibel 68 a mita 20 daga hanya, abin da ake sa ran gani a mita 40 shi ne kusan 65 a kan ƙasa mai tauri, ko ƙasa da haka kaɗan a kan ciyawa. Idan aka ga 55, akwai abin da ya tare sautin wanda ba a yi niyyar sa shi ba.

Sannan a fita da na'ura. Ana so ta kasance mai daraja ta ɗaya bisa ma'aunin IEC 61672, a daidaita ta da na'urar gwaji kafin awo da bayansa, a sa wa makirfon soson kare iska, a zaɓi lokacin da kwalta ta bushe kuma gudun iska bai kai mita 5 a daƙiƙa ba. Muhimmin abu, wanda ake yawan mantawa, shi ne a ƙirga motocin da suka wuce a daidai lokacin awon, nau'i-nau'i, a kuma auna gudunsu. Idan an koma ofis, waɗannan lambobi ne za a shigar wa manhajar, a ajiye ɗigon saurare a daidai wuri da tsayin da makirfon ya tsaya, sannan a gwada. Gwada awon rabin sa'a da lissafin da aka gina a kan matsakaicin shekara ba ya tabbatar da komai. A zaɓi wurare iri-iri: ɗaya dab da hanya don gwada ƙarfin tushen ƙarar, ɗaya a nesa don gwada tasirin ƙasa, ɗaya a bayan gini don gwada kariya. Tsarin da ake bi a Amurka shi ne a karɓi lissafin idan bambancinsa da awo bai wuce desibel 3 ba, kuma ISO 9613-2 ma ya ƙiyasta daidaitonsa da desibel 3 sama ko ƙasa har zuwa nisan kilomita 1, a inda babu shinge ko mayarwa.

Idan bambancin ya wuce haka, yadda ya rarrabu shi ne zai nuna inda matsalar take. Bambanci iri ɗaya a duk wuraren yana nuni ga tushen ƙarar, wato gudu ko kwalta ko halin motocin, kuma a nan ya halatta a ƙara wa hanyar gyara na desibel kaɗan muddin an bayyana shi a rahoto. Bambancin da ke ƙaruwa da nisa yana nuni ga nau'in ƙasa ko iska. Wanda ya bayyana a bayan gini kaɗai yana nuni ga tsayin ginin ko wata rata da ba a zana ba. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a riƙa murɗa lambobi ba tare da dalili ba har sai lissafi ya dace da awo, domin samfurin, wato kwaikwayon wurin da aka gina a cikin manhajar, idan aka daidaita shi ta wannan hanya zai ba da amsar banza da zarar an canza wani abu a cikinsa.

Bayan an gamsu da samfurin halin yanzu, sai a kwafe shi a canza abu guda a kowane kwafi: ƙaruwar motoci, rage gudu, sabuwar kwalta, katanga. A nan ne manhajar ta fi amfani, domin kurakuran da ke cikin samfuran biyu sukan share juna, bambancin da ke tsakaninsu ya fi kowace lamba ita kaɗai aminci. Katangar da ta tare layin gani tsakanin hanya da mai saurare tana rage kimanin desibel 5, kowace mita da aka ƙara a kan haka tana ƙara kusan desibel 1.5, kuma ISO 9613-2 bai yarda a lissafa wa katanga guda fiye da desibel 20 ba. Ta fi aiki idan tana dab da hanya ko dab da gidan, kuma dole ta zarce gidan ƙarshe da nisa sosai ta kowane gefe, in ba haka ba sauti zai zagayo ta ƙarshenta. Manhajar tana ɗaukar cewa katangar ba ta da rami ko tsaga kuma tana da nauyin da ya isa, don haka a rubuta wannan sharaɗi ga masu ginin. Layin bishiyoyi guda ba ya rage abin a zo a gani, sai kurmi mai kauri na mita da yawa.

Wajen fassara lambobin, a tabbatar an san ma'aunin da ake magana a kansa. Ma'aunin Lden, wanda ke haɗa ƙarar rana da yamma da dare a lamba ɗaya, yana ƙara desibel 5 ga ƙarar yamma, daga ƙarfe 7 zuwa 11, da desibel 10 ga ta dare, daga 11 zuwa 7 na safe, saboda haka ƙarar da ba ta canzawa dare da rana za ta fito da ƙarin desibel 6.4 a wannan ma'auni. A jagorarta ta 2018 ga yankin Turai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar hanya ta wuce desibel 53 a Lden da 45 da dare, amma iyakar da doka ta ɗora a ƙasar da ake aikin ita ce abin gwadawa a rahoto. A zana taswirar da launuka masu ratar desibel 5, kada a rubuta sakamako da ɗigon goma kamar ana da tabbacin da ya kai haka. Rahoton ya ƙunshi sunan manhajar da lambar fitowarta, da hanyar lissafi, da asalin bayanan motoci da ranar ƙidayarsu, da tsayin ɗigogin saurare, da ratar raga, da yawan mayarwa, da yanayin sama da aka sanya, da teburin da ke jera awo kusa da lissafi a kowane wurin gwaji. A ajiye fayilolin samfurin tare da rahoton, domin dokar Turai tana buƙatar a sake duba taswirorin duk shekara 5, kuma ko a inda babu irin wannan doka, za a buƙaci samfurin a ranar da aka gama ginin hanyar aka dawo auna ko katangar ta rage abin da aka lissafa mata.